Cuta Biyu A Sa Ɗaya: Amfanin Gwada Jinin Shanu

Da zarar damina ta sauka sai kaska ta yi yawa a jikin shanu, daidai lokacin da manomi ya fi bukatar shanun huɗa. Sau da yawa sa yakan kwanta, a yi masa allura, ya ɗan farfaɗo, bayan 'yan kwanaki ya sake kwanciya. Mai shi sai ya ce maganin jabu ne. Alhali kuwa wani lokaci cuta biyu ce a jikinsa, allurar ta kashe ɗaya ta bar ɗaya.

Kaska tana ɗauke da ƙwayoyin cuta iri iri. Akwai babesiya, mai fasa ƙwayoyin jini har fitsarin dabba ya koma ja. Akwai anafilasma, mai ƙarar da jini, ido da dadashi su yi fari ko rawaya, kashi ya yi tauri. Dukansu suna kawo zazzaɓi, da ƙin cin abinci, da rama, saboda haka ido kaɗai ba ya iya rarrabe su. Maganinsu kuwa dabam dabam ne. Allurar Berenil tana kashe babesiya da sammore, amma ba ta taɓa anafilasma. Ita anafilasma da oksitetarasaikilin ake yawan maganinta.

To, ina mafita? A gwada jini. Malamin dabbobi yakan huda bakin kunnen sa, ya shafa ɗigon jini a ɗan gilashi, ya bar shi ya bushe. A ɗakin gwaji sai a rina shi a duba da madubin likita. Babesiya takan bayyana cikin ƙwayar jini, sau da yawa biyu biyu. Anafilasma kuwa ɗan ɗigo ce a gefen ƙwayar. In akwai sammore, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ana iya ganinsa nan. Ana irin wannan aiki a Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom, wadda ke aiki tun 1924, da asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Jama'a, a lura da abu uku. Na ɗaya, a ɗebi jinin tun kafin a yi allura, lokacin da jikin ke da zafi, domin magani yana ɓoye ƙwayoyin. Zafin da ya kai awo 40 alamar zazzaɓi ne. Na biyu, in sa ya tsananta kada a jira sakamako: a ɗebi jini, malami ya fara magani, a gyara daga baya. Na uku, a tambayi malamin kwana nawa za a bari kafin a sha nono ko a ci naman dabbar da aka yi wa allura.

Abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya bai fi ƙarfin ƙungiya ba. A taron wata mai zuwa, ku ware kuɗin kiran malamin dabbobi da na maganin feshin kaska, ku sa ranar da zai duba shanun kowa kafin a fara huɗa.