Dala nawa ce dala?

Idan mai sayar da goro a Tagiris, cikin gundumar Dakoro ta Nijar, ya ce maka "dala ashirin", sefa 100 yake nufi. Ɗan Kano da ya ji haka sai ya zaro ido, domin a wurinsa dala kuɗin Amurka ce. Daga nan gardama ta tashi, kowa na cewa ɗan'uwansa ne ya ɓata Hausa.

Kalmar ta girmi gardamar. Asalinta tsabar azurfa ce mai hoton sarauniya Mariya Tareza ta Ostiriya, wadda ake bugawa da shekarar 1780 a jikinta, fatake suka ratso Sahara da ita zuwa ƙasar Hausa. Da Faransawa suka shigo da tsabarsu ta faran biyar, sai ta gaji sunan. Shi ya sa har gobe ɗan Nijar yake lissafi biyar-biyar: dala goma sefa 50, dala ɗari sefa 500. Dalar Amurka ma daga sunan waccan tsabar ta Turai ta samo nata, ashe uwa ɗaya ta haife su.

Jaka ta fi rikitarwa. A zamanin wuri, jaka guda wuri 20,000 ce. A Najeriya ta koma fam 100, sannan naira 200 bayan canjin kuɗi na 1973. A Nijar kuwa, inda ake ce mata jika, dala 200 ce, wato sefa 1,000. Dillalin da ya yi wa akuya kuɗi jika talatin a kasuwar Dakoro, da baƙon da ya taso daga Jibiya, sai sun tsaya sun fayyace kuɗin wace ƙasa ake magana kafin a ce albarka.

Masu cewa Hausar Kano kaɗai ce daidai sun manta cewa daidaitacciyar Hausa yarjejeniya ce ta rubutu, kuma ba ta soke bakin Maraɗi ko na Gobir ba. A wannan kalma dai, ma'anar Nijar ce ta fi kusa da tushe.

Sai dai tunda dokar ƙasa ta 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, shubuhar da kasuwa ke iya haɗiyewa takardar bashi ba za ta iya ba. 'Yan jarida da masu rubuta yarjejeniya su riƙa cewa dalar Amurka ko dalar sefa, su kuma sa adadin da lamba.