Gyaran hoto na dijital

Gyaran hoto na dijital shi ne amfani da manhajar kwamfuta ko ta wayar hannu wajen sauya haske, launi, girma ko tsarin hoton da aka riga aka ɗauka. A da aikin ƙwararru ne da masu situdiyo, amma yanzu duk mai wayar Android yana iya yin sa. A ƙananan hukumomin Wurno, Rabah da Goronyo da ke gabashin jihar Sakkwato, kamar sauran yankunan karkara na arewacin Najeriya, yawancin hotunan biki, na suna, na Sallah da na kayan gona da waya ake ɗaukar su, a cikinta kuma ake gyara su. Gyara yana iya fito da abin da kyamara ta kama amma bai fito sosai ba. Ba ya iya dawo da abin da ba ta kama ba tun farko, kuma daga wannan iyaka ne yawancin matsalolin aikin ke tasowa.

Tarihi

Steven Sasson, injiniya a kamfanin Kodak na Amurka, shi ya haɗa kyamarar dijital ta hannu ta farko a shekarar 1975. 'Yan'uwa biyu, Thomas da John Knoll, sun fara rubuta manhajar da ta zama Photoshop a 1987, kamfanin Adobe kuma ya fitar da ita kasuwa a 1990. A 1996 ɗalibai biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Spencer Kimball da Peter Mattis, suka saki GIMP, wadda kyauta ce har yau. Manhajojin waya sun biyo baya: Snapseed da PicsArt sun fito a 2011, Google kuma ya sayi kamfanin da ya yi Snapseed a 2012.

A Najeriya layukan GSM sun fara aiki a 2001, amma gyaran hoto bai shiga hannun talakawa ba sai da wayoyi masu sauƙin kuɗi irin su Tecno, Infinix da itel suka yawaita. Duka ukun na kamfanin Transsion ne na ƙasar Sin. Kafin haka sai an kira mai hoto, ya ɗauka da fim, ya kai birni a wanke, a jira kwanaki kafin a ga yadda ya fito.

Yadda hoto yake a cikin na'ura

Hoton dijital tarin ƙananan ɗigo ne da ake kira fiksel. Hoto mai megafiksel 12 yana da kimanin fiksel 4000 a kwance da 3000 a tsaye. Kowane fiksel yana ɗauke da lambobi uku, na ja, na kore da na shuɗi. A tsarin JPEG, wanda aka fitar a 1992 kuma shi ne mafi yawan wayoyi ke amfani da shi, kowace lamba tana tsakanin 0 da 255. Sifili shi ne baƙi ƙirin, 255 kuma fari fat. Duk abin da manhajar gyara ke yi lissafi ne a kan waɗannan lambobi: ta ƙara, ta rage, ko ta kwatanta fiksel da maƙwabtansa.

Wannan ne ya sa wurin da haske ya ƙone ba ya gyaruwa. Idan farar babbar riga ta fito duk fiksel ɗinta 255, aikin zaren da ke wuyanta bai shiga hoton ba, kuma rage haske zai mayar da rigar ruwan toka ne kawai. Wurin da ya yi duhu ya fi samun ceto, domin sau da yawa lambobinsa ba su kai sifili ba, ko da yake ɗaga su yana fito da tsaki-tsaki. Wasu wayoyi da kyamarori suna iya ajiye hoto a tsarin RAW, mai matakan haske 4096 ko 16384 a maimakon 256. Ya fi karɓar gyara nesa ba kusa ba, sai dai yana cinye memori.

Matsalolin haske a gabashin Sakkwato

Yankin yana kusa da digiri 13 arewa da ikwaita, rana tana da ƙarfi kusan duk shekara, kuma da tsakar rana kai tsaye take saukowa. Hula ko rawani na jefa inuwa a kan ido, fararen kaya kuma suna ƙyalli. Kyamarar waya tana auna hasken hoto gaba ɗaya ne ta zaɓi matsakaici. Idan dattijo mai baƙar fata ya tsaya da farar shadda a filin idi, za ta bi rigar fuska ta yi duhu, ko ta bi fuskar rigar ta ƙone. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne jan ma'aunin haske gaba ɗaya. Abin da ya fi dacewa shi ne a ɗaga inuwa kaɗai, a rage wurare masu ƙyalli, ko a yi amfani da abin zaɓen wuri na Snapseed a haskaka fuskar ita kaɗai. Wanda ya san haka tun wurin ɗauka yakan taɓa rigar a allon waya ya ɗan rage haske, tunda fuska mai duhu tana gyaruwa, rigar da ta ƙone kuwa ta tafi.

Matsalar baƙar fata a hoto ta girmi wayar hannu. Tun shekarun 1950 masu wanke fim suna daidaita injinansu da wani katin gwaji na Kodak da ake kira katin Shirley, mai ɗauke da hoton Baturiya, don haka ma'aunin launin fata na farar fata ne. Transsion ya yi suna a Afirka ne da tallata kyamarorin da aka daidaita don baƙar fata. Duk da haka, wayoyi da yawa suna zuwa da filtar ƙawata fuska a kunne, wadda ke goge fata ta kuma haskaka ta har mutum ya fito kamar ya yi bilicin. Da yawa ba su ma san tana kunne ba.

Hunturu na kawo tasa matsalar. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo yakan rufe sararin sama, ƙura tana warwatsa haske, sai hoto ya fito fari-fari ba armashi. Hoton madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gina a kan gulbin Rima aka kammala a 1984, idan an ɗauke shi a watan Janairu ruwa da sama sukan haɗe su zama launi ɗaya. A jadawalin haske na manhaja, wanda ake kira histogiram, za a ga lambobin sun cunkushe a tsakiya, ba baƙi sosai ba fari sosai. Maganinsa shi ne a ja iyakar baƙi da ta fari zuwa inda lambobin suka fara, sai hoton ya buɗe. Lightroom yana da ma'auni na musamman na cire hazo. Idan aka matsa masa da yawa sama takan koma shuɗi mai duhu, irin wanda ba a ganinsa a Goronyo a hunturu. Kafin a ɗora wa hazo laifi kuma, yana da kyau a goge gilashin kyamara, domin ƙurar aljihu da maiƙon yatsa suna kawo irin wannan dishi-dishi.

Da dare launin fitila ne ke ɓata hoto. Hasken rana na tsakar yini yana kusa da digirin Kelvin 5500, tsohon ƙwan lantarki kuma kusa da 2700, shi ya sa yake mayar da komai ruwan ɗorawa. Fitilun caji da na sola da ake kunnawa a wurin biki sukan karkata zuwa shuɗi. Ana gyara wannan da ma'aunin daidaita fari: a nuna wa manhaja wani abu da aka san fari ne, kamar hula ko takarda, ita kuma ta daidaita sauran launuka da shi.

Jerin aiki

Masu koyar da hoto sukan ba da shawarar a fara da kwafe hoton a ajiye na asali, sannan a miƙe shi idan ya karkace, a datse gefen da ba a buƙata, a gyara haske, a gyara launi, kaifi kuma ya zo a ƙarshe. Dalilin ajiye na asali shi ne JPEG yana zubar da wani ɓangare na bayanai duk lokacin da aka sake ajiye shi. Yana raba hoto gida-gida, fiksel 8 sau 8, kuma bayan ajiya da yawa gidajen sukan fara bayyana a fuska da sararin sama.

WhatsApp ma yana matse hoto, yakan rage dogon gefensa zuwa kimanin fiksel 1600. Wannan yana rage cin data, abin da ke da muhimmanci a ƙauyukan da sabis ba shi da ƙarfi, amma hoton da ya bi ta waya huɗu ko biyar ba ya kyau a takarda. Don wanke hoto mai inci 4 da 6 a ɗigo 300 kowane inci ana buƙatar fiksel 1200 da 1800. Wanda zai kai hoto a buga masa babba, kamar na kalandar biki, gara ya tura shi a matsayin fayil, ko ya zaɓi HD da manhajar ta ƙara a 2023.

Tsofaffin hotuna da ƙirƙirarriyar basira

Iyalai da dama suna da tsofaffin hotunan iyaye da kakanni, wasu sun koɗe, wasu gara ko ruwa ya taɓa su. Ambaliyar da ta auku a yankin Goronyo a watan Satumba na 2010 ta rushe gidaje masu yawa, kuma takarda ba ta jure irin wannan. Ɗaukar hoton tsohon hoto da waya, a inuwa ba tare da filasha ba, hanya ce mai sauƙi ta adana shi. Ana iya dawo da bambancin haske da duhu, a kuma cike ƙananan tsage-tsage da fiksel na kusa da su.

Manhajoji irin su Remini wani aiki daban suke yi. An horar da su ne da tarin hotunan fuskokin wasu mutane, kuma idan aka ba su fuska mai dishi-dishi sai su zana ido, haƙori da gemu bisa hasashe. Sakamakon yakan fito tar, amma ba lallai ne ya zama fuskar mai hoton ba. A 2020 an gwada wata manhaja mai suna PULSE da hoton Barack Obama da aka dusashe, sai ta fitar da fuskar Bature. A ƙasar Hausa akwai ƙarin hasara: tsagar gado da ke kumatun tsofaffi, wadda ke nuna asalin mutum, manhaja na iya ɗaukar ta a matsayin lahani a takarda ta shafe ta. Rabah ita ce mahaifar Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, kuma hotunansa da aka yi wa launi ko aka ƙara wa kaifi suna yawo a Facebook. Launin rawani ko na alkyabba a irin waɗannan hotuna zaɓin manhaja ne ko na mai gyara, ba shaidar tarihi ba ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa, wanda ya mayar da Wurno ribaɗinsa aka kuma binne shi a can, ya rasu a 1837, shekara biyu kafin a bayyana fasahar ɗaukar hoto ga jama'a a Faransa a 1839. Duk abin da aka nuna a matsayin hotonsa zane ne ko ƙirƙira.

Iyaka tsakanin gyara da jirkitawa

Kafofin labarai sun daɗe da shata layi: an yarda a daidaita haske da launi a datse gefe, ba a yarda a ƙara wani abu ko a cire ba. Mujallar National Geographic ta sha suka a 1982 saboda ta matso da dalar Giza biyu kusa da juna don su shiga bangonta. A 2006 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya raba gari da mai ɗaukar hoto Adnan Hajj bayan an gano ya ƙara hayaƙi a hoton birnin Beirut.

Layin yana da amfani ko ga wanda ba ɗan jarida ba. An san Wurno da Goronyo da noman rani, musamman albasa, tafarnuwa da shinkafa, kuma ba baƙon abu ba ne dillali ya tura wa mai saye na nesa hoton kaya kafin a yi ciniki. Haskaka hoton da aka ɗauka a cikin rumfa mai duhu don a ga albasar yadda take gyara ne. Ƙara mata ja, ko goge wadda ta fara ruɓewa, ɓoye aibin kaya ne, wanda a shari'ar ciniki ake lissafa shi cikin algus. Hoton fasfo ma haka yake: hukumomin da ke ba da takardun shaida ba sa karɓar wanda aka sauya kamannin fuska, kuma filtar ƙawata fuska tana cikin abin da ke sauya su.

Inda abin ya fi haɗari shi ne labaran tsaro. Gabashin Sakkwato ya sha fama da 'yan bindiga, ciki har da harin kasuwar Goronyo na watan Oktoba 2021 da ya ci rayukan mutane fiye da 40. A irin wannan lokaci hoton da aka jirkita, ko tsoho da aka laƙaba wa sabon labari, yana iya tayar da hankalin gari ko ya sa mutane su bar gidajensu. Datsewa kaɗai ta isa ta sauya ma'ana, idan aka yanke allon da ke nuna sunan wani gari ko wata ƙasa. Cibiyoyin tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check suna bin sawun irin waɗannan hotuna ta hanyar neman inda suka fara bayyana a intanet, abin da kowa ke iya yi da Google Lens ko TinEye. Hoton asali yana ɗauke da bayanan EXIF, wato ranar ɗauka, samfurin waya, wani lokaci har da wurin da aka tsaya. WhatsApp da Facebook suna cire waɗannan bayanai daga kwafin da suke rarrabawa, amma suna nan a fayil ɗin da ke cikin wayar wanda ya ɗauka.