Naman Sa Mai Laushi A Tukunyar Lantarki: Wuta Kaɗan, Lokaci Mai Tsawo

A gidaje da yawa idan aka zuba abinci da naman sa, maigida da manyan yara ne ke cin moriyarsa. Ƙananan yara da tsofaffi sai dai su tsotse romon su ajiye tsokar a gefen kwano, saboda haƙoransu ba za su iya da ita ba. Su kuwa su ne suka fi buƙatar naman a jikinsu. Ga tsadar da nama ya yi a wurin mahauta, asara ce babba a sayo kilo guda rabinsa ya ƙare a kwanon wanke-wanke.

Akwai hanyar da za ki dafa naman sa, ko da na tsohon bijimi ne, ya yi laushin da cokali zai raba shi. Hanyar ita ce tukunyar lantarki mai dafa abinci a hankali, irin wadda aka fi sani da sunan Crock-Pot. Wani Ba'amurke mai suna Irving Naxon ne ya samu rajistar ƙirƙirarta a 1940, sannan kamfanin Rival ya fito da ita kasuwa da wannan suna a 1971. Matan Amurka masu zuwa aiki suka karɓe ta hannu bibbiyu, don mace za ta zuba kayan girki da safe, ta dawo da yamma ta tarar abinci ya nuna. Cikin girke-girken da suke yi da ita akwai ƙananan yankan naman sa da ake dafawa da bota da tafarnuwa, kuma shi za mu yi yau da kayan ƙamshinmu na gida.

Me ya sa namanmu yake da tauri?

Shanun da ake yankawa a Amurka galibi ana turke su ne a ciyar da su hatsi, a yanka su tun ba su tsufa ba, shi ya sa namansu ke da kitse a cikin tsoka. Namu kuwa shanun kiwo ne, masu cin ciyawa da doguwar tafiya, kuma da yawa sai sun manyanta ake kai su kasuwa. Duk tsokar da ta yi aiki sosai tana tara jijiyoyi, waɗanda wani sinadari mai suna kolajin ke haɗawa. Shi ne farin abin nan da kike gani ya ratsa nama.

Idan kika sa wa nama wuta mai ƙarfi, tsokar takan ƙanƙance ta matse ruwanta waje kafin jijiyoyin su narke, sai ya zama kamar roba. Amma idan zafin ya haura digiri 70 a ma'aunin Selsiyos, ya zauna a haka na tsawon sa'o'i ba tare da tafasa mai ƙarfi ba, sai kolajin ya narke ya koma romo mai danƙo, irin wanda kike gani a farfesun ƙafar sa. Wannan danƙon ne ke sa nama laushi. Iyayenmu sun san haka tun da daɗewa, shi ya sa suke barin kai da ƙafa su kwana a kan garwashi. Tukunyar lantarki aikin garwashin take yi, ba tare da kin tsaya gyara wuta ba.

Saboda haka idan kin je wurin mahauci, ki ce ya yankar miki kafaɗa, ko wuya, ko ƙirji, ko ƙwauri. Tsoka zalla marar kitse, irin ta cinya, takan bushe ta yi zare-zare idan ta daɗe a wuta.

Kayan haɗi

Naman sa kilo 1
Albasa manya 2
Tafarnuwa ƙwaya 6
Ɗanyar citta gwargwadon babban yatsa
Attaruhu 2 (ki rage idan yara za su ci)
Masoro rabin ƙaramin cokali
Kanumfari ƙwaya 3
Daddawa kaɗan
Man shanu ko bota babban cokali 2
Man gyaɗa babban cokali 1
Romon nama ko ruwan zafi rabin kofi
Gishiri da sinadarin ɗanɗano daidai misali
Fulawa babban cokali 1

Yadda za ki haɗa

Da farko ki wanke naman, ki tsane ruwansa sosai da kyalle mai tsabta, ki yanka shi daidai girman goro. Kada ki yanka ƙanana da yawa don zai ragu a wuta, kuma ki yi ƙoƙari su zama kai ɗaya don su nuna tare. Ki barbaɗa gishiri da dakakken masoro ki cuɗanya.

Ki ɗora kasko a wuta, ki zuba man gyaɗa ya yi zafi sosai, sai ki riƙa zuba naman kaɗan-kaɗan kina juyawa har bayansa ya yi ja, kamar minti 2 kowane gefe. Idan kika cika kaskon, naman zai fitar da ruwa ya koma dahuwa maimakon suya. Wannan 'yar suyar ce ke kawo ƙamshi da kalar da za ki so gani a kwano. Idan kin kwashe, ki zuba rabin kofin romon a cikin kaskon ki kankare abin da ya kama a ƙasa, don ɗanɗanon yana nan.

Ki yayyanka albasa ki shimfiɗa a ƙasan tukunyar lantarki, ki zuba naman a kai, ki sa jajjagen tafarnuwa da citta da attaruhu, da kanumfari da daddawa, sannan romon kaskon, sai man shanu a sama. Za ki ga kamar ruwan ya yi kaɗan, kada ki ƙara. Tururin wannan tukunya ba ya fita, kuma nama da albasa za su fitar da nasu ruwan. Ki tabbata kayan sun kai rabin tukunyar amma ba su wuce kashi biyu cikin uku ba.

Ki rufe, ki murɗa maɓalli zuwa inda aka rubuta Low, ki bar shi sa'a 6 zuwa 8. Idan kina sauri, High zai nunar da shi cikin sa'a 3 zuwa 4, sai dai na ƙaramar wutar ya fi laushi. Ki daure ki bar murfin a rufe, domin duk buɗewa ɗaya tana iya ƙara miki kusan minti 20 na dahuwa. Idan lokaci ya cika ki danna ɗaya da cokali mai yatsu. Idan ya rabu cikin sauƙi ya yi, idan kuma yana turjiya ki ƙara masa sa'a guda. Sannu ba ta hana zuwa.

Saura minti 20 ki sauke, ki dama fulawar da ruwan sanyi kaɗan ki zuba ki juya, romon zai yi kauri ya kama jikin naman. Yana tafiya da farar shinkafa, da dankalin turawa, da doya, da sinasir, da gurasa.

Idan aka ɗauke wuta fa?

A matsayina na ma'aikaciyar jinya, nan ne nake so ki fi ba ni hankalinki. Girkin nan an tsara shi ne a ƙasar da wutar lantarki ba ta yawan yankewa. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa da sauri a cikin abincin da zafinsa ke tsakanin digiri 5 da 60, kuma naman da ya fara ɗumi aka ɗauke wuta ya zauna a rufe yana cikin wannan hali. Wasu daga cikin ƙwayoyin suna barin guba wadda sake tafasawa ba ya kashewa, kuma sau da yawa naman ba zai yi wari ba balle ki gane. Amai da gudawa kuwa kan ƙarar da ruwan jikin ƙaramin yaro cikin ɗan lokaci.

Don haka idan aka ɗauke wuta kina gida, nan take ki juye a tukunya ki ƙarasa a kan gas ko gawayi. Idan kuwa ba kya nan, kika dawo kika tarar tukunyar ta huce kuma ba ki san tun yaushe ba, ki haƙura ki zubar. Na san akwai ciwo, amma kuɗin kilo guda bai kai na kwanciya asibiti ba. Wadda wutar unguwarsu ba ta da tabbas, ta yi girkin ranar da take gida, ko ta haɗa da sola, tun da galibin waɗannan tukwane ba sa jan fiye da wat 300.

Kada ki zuba naman da ya daskare daga firiza kai tsaye, domin zai daɗe bai yi zafin da zai kashe ƙwayoyin cuta ba. Ki sauko da shi cikin firij tun dare ya saki. Abin da ya rage bayan an ci, ki sa a firij kafin sa'a 2, idan za ki ɗumama kuma ki yi a kan wuta har ya tafasa, ba a cikin tukunyar lantarkin ba. Mai sayen ta gwanjo ta duba bayanta: wadda aka yi don Amurka tana aiki da wuta bolt 120 ne, tamu kuwa 230 ce, za ta ƙone idan babu na'urar rage ƙarfin wuta.

Ki nisanci farasitamol a tukunya

Akwai masu jefa ƙwayar farasitamol cikin nama don ya yi saurin laushi a rage cin gas ko itace. Hukumar NAFDAC ta yi gargaɗi a kan wannan ɗabi'a. Farasitamol magani ne mai ƙa'idar sha, yawansa yana lalata hanta, kuma a cikin miya ba wanda ya san adadin da ya shiga cikin kowane yaro. Idan kina neman abin da zai taimaka, ki goga ɗanyar gwanda kaɗan ki cuɗa naman da ita na rabin sa'a kafin suya, tana da sinadarin da ke sassauta tsoka. Wadda ba ta da tukunyar lantarki kuma, tukunya mai kaurin gindi da murfi mai kamawa a kan garwashi kaɗan za ta ba ta wannan laushin cikin sa'a 3, sai dai ta riƙa dubawa tana ƙara ruwan zafi.

Wa ya fi amfana?

Jan nama yana ɗauke da sinadarin ƙarfe mai gina jini, irin wanda jiki ke saurin karɓa. Mai juna biyu, da mai jego, da yaron da ya kai wata 6 ya fara cin abinci, duk suna buƙatarsa. Ga jariri, ki ɗebi nasa naman ki dafa daban ba yaji ba gishiri, ki marmasa shi sosai cikin fate ko dankali. Yaron da bai kai shekara 5 ba ki yayyaga masa ƙanana, ya ci a zaune kina kallonsa, don gudun shaƙewa. Ki haɗa da lemun zaƙi ko tumatir don jiki ya fi karɓar ƙarfen, shayi kuma a jinkirta shi, domin yana rage karɓarsa. Idan akwai mai hawan jini a gidan, ki rage gishiri da sinadarin ɗanɗano, ki bar tafarnuwa da citta da daddawa su yi aikin.

Ki gwada a ƙarshen makon nan da kike gida, ki fara da rabin kilo har ki gane halin tukunyarki, don kowace da irin zafinta. Wadda ta gwada ta faɗa mana wane ɓangaren nama ta saya da sa'o'in da ya ɗauka kafin ya yi laushi, don 'yan'uwa su ƙaru. A ci lafiya.