Farauta daga kan bishiya: Yadda mai ƙaramin ƙarfi ke fara hawa 'sirdi' a Amurka

A ranar 1 ga Oktoban kowace shekara ake buɗe kakar farautar barewa da kwari da baka a Jihar Michigan da ke arewacin Amurka, sannan masu bindiga su karɓi fage daga 15 ga Nuwamba zuwa ƙarshen watan. Da yawa daga maharban dako suke yi a kan bishiya, mita biyar zuwa bakwai daga ƙasa, inda idon barewa bai cika kaiwa ba, hancinta kuma bai cika kama warin mutum ba.

Shekara da shekaru abin da aka sani shi ne kujerar ƙarfe da ake ɗaurewa a jikin bishiya. A 'yan shekarun nan wata hanyar ta bazu, wadda Amurkawa ke kira farautar sirdi. Sirdin nasu wata faffaɗar ɗamara ce ta zane mai ƙarfi da ke tallafe ƙugu da mazaunai. Maharbi zai ɗaura igiya a jikin bishiya daidai goshinsa, ya maƙala sirdin da ita, ya dafa ƙafafunsa a kan ɗan dandamali, sannan ya kishingiɗa baya yana fuskantar bishiyar, igiyar na ɗauke da nauyinsa.

Asalin dabarar

Daga masu sana'ar saran rassa aka aro dabarar, domin su ma haka suke rataye a sama suna aiki. Mutumin da aka fi dangantawa da ita shi ne John Eberhart, wani maharbi ɗan Michigan da ke amfani da sirdi tun farkon shekarun 1980. A 2003 shi da ɗansa Chris suka fitar da littafi kan farautar barewar da yawan maharba ya sa ta yi wayo. Duk da haka mabiyan hanyar ba su da yawa sai wajen 2018, lokacin da kamfanoni irin su Tethrd suka fara ƙera kaya marasa nauyi, bidiyon YouTube kuma ya yaɗa su.

Dalilin karɓuwarta yana da alaƙa da mallakar ƙasa. Mai hali yana da gonarsa ko dajin da ya yi haya, inda zai kafa kujeru goma ya bar su shekara guda. Mai ƙaramin ƙarfi kuwa sai filin gwamnati. Gwamnatin tarayyar Amurka na riƙe da kimanin eka miliyan 640, ga kuma dazuzzukan jihohi, kuma a wurare da yawa duk mai lasisi na iya shiga. Sai dai wurin kowa ne, don haka wanda ke son ganin barewa dole ya yi nisa da ƙafa. Kujerar ƙarfe kan kai kilo bakwai zuwa goma, wadda ake hawa da ita kuma sai miƙaƙƙiyar bishiya marar rassa. Sirdi bai cika wuce kilo ɗaya ba, ana sanye da shi ake tafiya, kuma ko karkatacciyar bishiya yana hawa. Gangar jikin bishiyar ma takan zama garkuwa, maharbi ya laɓe a bayanta har dabbar ta matso.

Kayan da ba makawa

Abubuwa biyar ne ginshiƙi. Na farko sirdin kansa, tare da gajeriyar igiyar da ke haɗa ɓangarorinsa biyu ta gaba. Na biyu igiyar rataya, wadda ke riƙe maharbi idan ya kai inda zai tsaya. Na uku igiyar hawa, wadda ke zagaye bishiyar ta dawo ƙugu. Duk wanda ya taɓa ganin ma'aikacin lantarki a kan turke, ko mai hawan kwakwar manja a kudancin Najeriya, ya san aikinta: tana riƙe mutum, hannuwansa biyu su sami damar aiki. Na huɗu sandunan hawa, wato gajerun tsani masu matakala biyu ko uku da ake ɗaurewa ɗaya bisa ɗaya. Na biyar abin dafa ƙafa.

Wanda ya bi talla ya sayi mafi tsada a kowanne zai iya kashe sama da dala 1,000. Wanda ya yi lissafi kuwa yana iya haɗa kaya masu aminci da rabin wannan kuɗi ko ƙasa da haka. Abin da ke raba su shi ne sanin mene ne tsadar ke saye. A sanduna da dandamali, yawanci rashin nauyi ake biya. A igiya da ƙugiya kuwa rai ake biya.

Inda ake rage kuɗi

Sandunan hawa su suka fi cin kuɗi, kuma a nan ne aka fi samun sauƙi. Saitin alminiyam na talaka, irin Hawk Helium, yana kai mutum tsayin da mafi tsada ke kai shi. Illarsa ƙarin nauyi da ƙarar ƙarfe, wadda ake kashewa da naɗa tef na zane. Wanda ya riga ya mallaki sanduna daga tsohuwar kujerarsa ba ya buƙatar sababbi. Ana kuma rataya wa sandar ƙasa madauki mai kama da likkafa domin ƙara mataki guda, ta yadda sanduna uku za su yi kusan aikin huɗu. Gwanaye na jera likkafa biyu ko uku, amma saukowa a kansu cikin duhu da sanyi yana da haɗari, saboda haka ɗaya ta ishi sabon shiga.

Dandamali ma ana iya jinkirta sayensa. Wasu na tsayawa a kan matakalar sandar ƙarshe, wasu na ɗaura zoben ƙananan matakai a kewayen bishiyar. Tafin ƙafa zai yi tsami bayan sa'o'i, amma babu haɗari a ciki. Matashin gwiwa irin na magina ya wadatar wajen jingina da bishiya, kuma kowace igiya mai ƙwari za ta iya jawo baka ko jaka daga ƙasa.

Kayan ƙarfe na hannu ba laifi, muddin an duba babu tsagewa ko lanƙwasa, an kuma sauya maɗaurinsu. Farashi yakan sauka bayan an rufe kaka a watan Janairu, lokacin da shaguna ke rage kaya, waɗanda suka gwada abin bai karɓe su ba kuma suke neman mai saye.

Inda araha ba ta ado

Nazarce-nazarcen likitoci a jihohi da dama sun nuna faɗowa daga bishiya ya fi harbin kuskure jikkata masu farautar barewa, kuma akasari yana faruwa ne yayin hawa ko sauka, lokacin da mutum ba ya ɗaure. Karayar ƙashin baya da shanyewar jiki na cikin abin da ke biyo baya. Fa'idar sirdi ita ce mai shi na iya kasancewa a ɗaure tun daga ƙasa har ya dawo ƙasa, amma fa'idar ta dogara ga ingancin abin da ya ɗaure shi.

Saboda haka igiyar rataya da ta hawa dole su zama irin na masu hawan dutse ko masu saran rassa, sababbi, daga kamfanin da aka sani. Igiyar shagon kayan gini ba ta shiga wannan aiki. Igiya ta hannu ma haka, domin rana da sinadarai na cinye ƙarfinta ba tare da ido ya gani ba. Ƙugiyar da ke haɗa sirdi da igiya ta zama mai makulli, an buga ƙarfinta a jikinta. Ƙa'idar masu hawan dutse ita ce aƙalla kilonyutan 20 a tsawonta, wato wajen nauyin tan biyu, tare da tambarin CE ko UIAA. Masu kama da ita da ake rataya makullan gida ba a yi su don ɗaukar mutum ba.

Wajen daidaita tsawon igiya akwai na'urorin ƙarfe, amma ƙulli ma yana yin aikin. Ƙullin Prusik, wanda ya samo sunansa daga Karl Prusik, wani mai hawan dutse ɗan Ostiriya da ya bayyana shi a 1931, yana zamewa idan an tura shi da hannu, ya cije idan nauyi ya hau kansa. Sharaɗinsa shi ne siririyar igiyar da aka yi shi da ita ta gaza babbar kauri, a kuma yi wani ƙullin a ƙarshen babbar igiyar don kada ya zare.

Sirdin kansa, na kamfani mai sauƙin farashi ya fi na ɗinkin gida. Wasu na haɗa majanyin zama da ɗamarar hawan dutse domin tsimi. Inda aka yi haka, ɗamarar ce ke riƙe da rai, majanyin don jin daɗi ne kawai.

Atisaye kafin daji

Abin da ya fi kowane kaya amfani ba a sayensa. Masu koyarwa na ba da shawarar a fara da tsayin gwiwa, a bayan gida, da rana. A nan ake koyon ɗaura sanda har ta cije, da gano tsayin igiyar da ba ya matse ƙugu, da juyawa don harbi. Mai harbi da dama yakan ji sauƙi idan barewa ta ɓullo ta hagunsa. Idan ta ɓullo ta dama sai ya juya jiki ko ya tsallakar da baka bisa igiya, kuma wannan sai an maimaita shi sau da yawa kafin ya zauna.

Ƙa'idojin kaɗan ne. Ba a kwance igiyar hawa sai an ɗaura ta rataya an gwada ta da nauyin jiki. Idan an iso reshe, a ɗaura igiya ta biyu a samansa kafin a saki ta farko. Kada a bar igiya ta yi sako-sako, domin ko gajeriyar faɗuwa a kan igiyar da ba ta talewa tana iya yi wa baya lahani. Ba a hawa da makami a hannu. A kuma sanar da wani inda za a je da lokacin dawowa.

Zaɓen bishiya ma ilimi ne. Tun da aka gano wani koren ƙwaro mai cin bishiyar ash a kusa da Detroit a 2002, miliyoyin irin wannan bishiya suka mutu a tsaye, kuma matacciyar bishiya na iya karyewa da mutum. Rayayyiya ake nema, kusa da hanyar barewa ko inda 'ya'yan oak ke zuba, a gefen da iska za ta kwashe warin maharbi ta yi nesa da shi.

Doka da lasisi

A filayen gwamnati na Michigan da wasu jihohi da dama an hana kafa ƙusa ko murɗa matakala cikin bishiya, shi ya sa komai na mai sirdi ɗaurewa ake yi. Wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1960 zuwa yau sai ya yi kwas ɗin kiyaye haɗari kafin a ba shi cikakken lasisi a jihar, kuma baƙo daga wata jiha yana biyan fiye da ɗan gari.

Kuɗin da maharba ke biya shi ke ciyar da tsarin. Dokar Pittman-Robertson ta 1937 ta ware harajin dogayen bindigogi da harsasai, wanda yanzu yake kashi 11 cikin ɗari, domin kula da namun daji, daga baya aka shigar da kwari da baka. Hukumar kifi da namun daji ta tarayya ke raba kuɗin ga jihohi bisa faɗin ƙasarsu da yawan masu lasisi, jiha kuma ta kawo kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin kowane aiki. Barewa mai farar wutsiya, wadda aka ƙiyasta ta ragu zuwa kimanin 500,000 a farkon ƙarni na 20, yanzu ana ƙiyasta ta da wajen miliyan 30.

Ga mai shirin fita a Oktoba, tsarin sayayya a bayyane yake: sirdi da igiyoyi biyu da ƙugiyoyi sababbi tun farkon shekara, sanduna na hannu idan an samu, dandamali kuma sai aljihu ya yarda. Watannin da suka rage na atisaye ne.