3.2 Ƙirar Ƙwayar Zarra da Tsarin Jadawalin Sinadarai

Ƙwayar zarra ita ce mafi ƙanƙantar ɓangaren sinadari wanda yake riƙe da halayen wannan sinadarin. John Dalton na ƙasar Ingila, a littafin da ya wallafa a 1808, ya ɗauka cewa ƙwayar dunƙulalliya ce, ba ta rabuwa. Binciken da ya biyo baya ya rushe wannan ra'ayi. A 1897 J. J. Thomson ya gano ilaktaron, a 1911 Ernest Rutherford ya nuna cewa ƙwayar tana da cibiya, sannan a 1932 James Chadwick ya gano niyutaron.

Ke nan ƙwayar zarra ta ƙunshi abubuwa uku. A cibiya akwai furoton mai cajin tarawa (+) da niyutaron wanda ba shi da caji, a kewaye kuwa akwai ilaktaron mai cajin ɗebewa (-). Kusan dukkan nauyin ƙwayar a cibiya yake, domin furoton ɗaya ya ninka ilaktaron nauyi kimanin sau 1,836. Yawan furoton shi ake kira lambar zarra, kuma da shi ne ake bambanta wani sinadari da wani. Baƙin ƙarfe yana da 26, kuza 50, zinariya 79, dalma 82. Wato furoton uku kacal suka raba dalma da zinariya, amma wutar maƙera ba ta isa cibiya, shi ya sa masu neman mayar da dalma zinariya a zamanin da suka ƙare da asara.

Su kuwa ilaktaron hawa-hawa suke zama. Hawan farko yana ɗaukar 2, na biyu 8, kuma waɗanda ke hawan ƙarshe su ne suke yanke hukuncin yadda sinadari zai haɗu da wani. A ɗauki misalin sodiyam mai lamba 11, wanda tsarinsa shi ne 2, 8, 1, da kulorin mai lamba 17, wanda nasa yake 2, 8, 7. Sodiyam yana da rarar ɗaya, kulorin yana da giɓin ɗaya. Idan suka haɗu sai sodiyam ya miƙa, kulorin ya karɓa, cajinsu mabambanta ya ɗaure su. Sodiyam shi kaɗai ƙarfe ne mai laushi da ke tafarfasa idan ya taɓa ruwa, kulorin kuma iska ce mai guba, amma abin da haɗuwarsu ta haifar shi ne gishirin miya.

Dangane da jadawali, Dmitri Mendeleev na ƙasar Rasha ya jera sinadarai 63 a 1869 bisa nauyinsu, ya lura cewa halayensu suna maimaituwa lokaci bayan lokaci. Abin da ya ɗaga aikinsa sama da na sauran masana shi ne, inda bai sami sinadarin da ya dace da gurbi ba, bai cusa wani ba. Ya bar gurbin a buɗe, ya kuma faɗi halayen wanda zai cike shi. Da aka gano galiyam a Faransa a 1875 da jamaniyam a Jamus a 1886, sai aka tarar sun dace da abin da ya faɗa. Sai dai jerin nauyi yana da tangarɗa. Teluriyam ya fi ayodin nauyi, amma halayensu sun tilasta a sa shi gaba da ayodin. Henry Moseley ne ya warware wannan a 1913, inda ya nuna cewa lambar zarra ce ya kamata a bi: teluriyam 52, ayodin 53.

Jadawalin yana da sahu 7 a kwance da rukuni 18 a tsaye, ɗauke da sinadarai 118, bayan an tabbatar da sunayen huɗun ƙarshe a 2016. Sau da yawa ɗaliban sakandare sukan haddace sinadarai 20 na farko kamar waƙa, alhali dalilin zamansu a gurbinsu ya fi jerin sunayen amfani. Fotasiyam mai lamba 19 yana da tsarin 2, 8, 8, 1. Hawansa huɗu, don haka yana sahu na huɗu. Ilaktaron ɗaya ne a hawansa na ƙarshe, don haka yana rukuni na farko, ƙarƙashin sodiyam, kuma shi ma a cikin mai ake adana shi don kada ya haɗu da ruwa ko iska.