YINI GUDA A AGADAS, BIRNIN ABZINAWA

Matafiyin da ya taso daga Danwarai ko Jega zai bi ta Tambuwal zuwa Sakkwato, ya ƙetare iyaka a Illela, ya ratsa Birnin Ƙonni da Tawa. Daga Tawa akwai sauran tafiyar kilomita kamar 400 cikin daji mai ƙarancin itatuwa kafin ya hango hasumiyar Agadas. Tafiyar da nisa, amma mutumin Kabi ba baƙo ba ne a wannan gari, domin wajen shekarar 1515 Kanta ya raka Askiya Muhammadu na Sanwai yaƙin Agadas, kuma a kan rabon ganimar wannan yaƙi ne suka ɓata, Kanta ya yi tawaye, Kabi ta tsaya da ƙafarta.

Wanda yake da yini guda kacal, ya kamata ya fara da Babban Masallaci tun da sanyin safiya. An gina shi a farkon ƙarni na 16, aka sake gina hasumiyarsa a 1844. Tsawonta mita 27 ne. Itatuwan da suka yi cirko-cirko a jikinta ba ado ba ne kawai: su ne ke riƙe ginin, su ne kuma matakalar magina in lokacin yaɓe ya zo. Idan an ba baƙo izinin hawa, zai sha wuya a ƙunƙuntar matakala, amma daga can bisa zai ga unguwanni 11 na tsohon gari, da duwatsun Abzin daga arewa. Daga nan ne masu tsaro na da suke hangen ƙurar ayari ko ta mahara.

Dab da masallacin fadar Sarkin Abzin take, inda sarautar ta zauna tun ƙarni na 15. Dogarai suna ƙofa cikin jajayen kaya, kuma baƙo zai ji ana gaisawa da Hausa, domin ita ce harshen ciniki a garin. Tun 1850 Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya tarar da wani hakimi mai suna Sarkin Turawa, wanda ke kula da fatake Larabawa. Gidan da Barth ya sauka yana nan cikin lungunan tsohon gari, ana nuna wa masu ziyara.

Kafin rana ta take, sai a leƙa gidan Kawsan da ke fuskantar masallaci, wanda daga baya aka mayar masaukin baƙi. A watan Disamba 1916 Kawsan, da goyon bayan Sarki Tagama, ya kewaye barikin sojan Faransa, bai janye ba sai cikin Maris 1917 da taimako ya iso daga kudu. Ramuwar da Faransawa suka yi ta yi muni ƙwarai, har malaman garin ba su tsira ba.

Da azahar babu abin yi sai neman inuwa da shayi. Da la'asar kuwa sai kasuwar raƙuma, inda ake sauke kantun gishirin da ayarin azalai ke ɗaukowa daga Bilma da Fashi, gishirin da kakanninmu suka riƙa musanyawa da hatsi da baƙin turkuɗi na Kano. Daga nan a ƙarasa wajen maƙeran azurfa da dukawa kafin almuru.

To, amma akwai abin damuwa. Masu yawon buɗe ido sun ɗauke ƙafa tun tawayen 2007 da sace Turawa a Arlit a 2010, masu jagora da maƙera da yawa suka rasa abin yi. Hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin jerin kayan tarihi na duniya a 2013, sai dai takarda ba ta tare ruwa. Damunar 2024 ta rushe tsohon masallacin Damagaram, kuma ginin ƙasa duk ɗaya ne in aka daina yaɓe shi.

Abin da ya tsare Agadas har yau shi ne mutanenta ba su tashi ba, kuma ba su daina gyara ba. Nan ne ya kamata ma'aikatanmu da ɗalibai su yi tunani. Surame, birnin da Kanta ya kewaye da ganuwar dutse, an bar shi tun farkon ƙarni na 18, kuma ko da yake an ayyana shi kayan tarihi na ƙasa a 1964, 'yan makarantar Kabi nawa ne suka taɓa ganinsa? Wanda bai sami halin zuwa Agadas ba, Surame ba ta fi ƙarfin tafiyar yini guda ba.