Gasar Babur Da Mai Sauri Ba Ya Cin Ta: Shawara Ga Ƙasar Yawuri

Duk wanda ya saba bin jaridu da gidajen rediyonmu na Hausa zai lura cewa ba a cika ambaton babur ba sai da mugun labari a bayansa. Ko dai 'yan bindiga sun shiga wani ƙauye bisa babura, ko ɗan kabu-kabu ya yi karo da tirela, ko kuwa gwamnati ta hana hawa daga magariba zuwa wayewar gari. Duk waɗannan suna faruwa, kuma mu mutanen ƙasar Yawuri mun ɗanɗana kuɗarsu. Ba mu manta da ranar 17 ga Yunin 2021 ba, ranar da mahara bisa babura suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri suka yi awon gaba da ɗalibai da malamai. Mako uku kafin nan, ranar 26 ga Mayu, wani jirgin ruwa ya nitse tsakanin Warra da ƙasar Borgu da rayuka masu ɗimbin yawa, rahotanni kuma suka ce cikin lodin da ya fi ƙarfinsa har da babura. Lamarin ya kai ga a watan Yulin 2022 Ministan Shari'a na wancan lokaci, Abubakar Malami, wanda shi ma ɗan Jihar Kebbi ne, ya shaida wa manema labarai cewa Gwamnatin Tarayya na duba yiwuwar hana babura a faɗin ƙasar nan baki ɗaya.

To amma wanda ya san bakin tafkin Kainji ya san cewa babur shi ne jakin wannan zamani. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsofaffin gungu da gonaki, aka tashi Gungawa da maƙwabtansu aka sake musu matsuguni, rayuwa a nan ta koma bin cikar tafki da janyewarsa. Ruwa ya ja baya ya bar laka, a bi shi da shuka. Ruwa ya dawo ya shafe hanyar da aka bi jiya. A irin wannan ƙasa, tsakanin ƙauyukan Ngaski da Shanga da kasuwannin Warra da Yawuri, motar da za ta kai ka ƙofar gida ba ta da yawa. Babur ne ke fito da buhun albasa daga fadama, shi ke kai kwandon banda kasuwa, shi ne kuma ke ɗauko mace mai naƙuda da tsakar dare. Mai tuƙa shi yana ratsa yashi mai nitsar da taya, ya gangara kwazazzabo, ya hau dutse, ya bi kan gungumen da aka gitta bisa rafi, wani lokaci ma ya tura shi ta kan katako guda zuwa cikin kwale-kwale. Wannan gwaninta ce ta gaske, sai dai ba mu raɗa mata suna ba, ba mu kuma taɓa tara jama'a don a yaba ta ba.

Abin da ya ja hankalina ga wannan batu wata hira ce da ta zama ruwan dare a teburin masu shayi na Warra. Duk lokacin da na je gida hutun jami'a nakan tarar da samari sun yi cincirindo a kan wayar ɗayansu, suna kallon gajerun bidiyo na wasu Turawa masu hawa duwatsu da babur. Gardama takan kaure. Wani ya rantse haɗin kwamfuta ne, don a ganinsa ba yadda za a yi babur ya tsaya cik a kan dutse mai tsayin mutum. Wani ya ce a ɗora wa Baturen nan buhun albasa biyu da fasinja a baya, sannan a zo a yi maganar gwaninta. Wani kuma ya kawo sunan wani ɗan kabu-kabu na ƙauyensu wanda, in ji shi, bai taɓa sauke ƙafa a mashigin ruwansu ba ko da tsakar damina. Ana raha ne, amma na lura ma'aunin da suke amfani da shi, wato sauke ƙafa ko rashin sauke ta, shi ne ainihin ma'aunin wasan da suke kallo, alhali yawancinsu ba su san ko sunansa ba.

Turawa na kiran wasan tirayal, ma'ana gwaji, ni kuwa zan kira shi gasar gwajin babur. Asalinsa daga Birtaniya ne, a farkon ƙarni na 20, lokacin da masu ƙera babura ke son nuna wa masu saye cewa kayansu na jure muguwar hanya. Shahararriyar gasar nan ta kwana shida ta ƙasar Sukotlan ta soma ne a 1909, kuma har yau ana yin ta a watan Mayu a kewayen garin Fort William, inda mahaya ke ratsa tsaunuka da ƙoramu masu duwatsu. A 1975 aka fara gasar duniya, Martin Lampkin ɗan Ingila ya zama zakaran farko. Ɗansa Dougie ya gaje shi, ya riƙe kambin sau bakwai a jere daga 1997 zuwa 2003. Wanda samarinmu suka fi kallo a waya kuwa shi ne Toni Bou ɗan ƙasar Sifaniya, wanda aka haifa a 1986. Tun da ya karɓi kambin duniya a 2007 ya yi kane-kane a kansa shekara bayan shekara, fiye da shekaru 15 ba wanda ya ƙwace. Mata ma ba a bar su a baya ba, don Laia Sanz, ita ma 'yar Sifaniya, ta ci gasar mata ta duniya sau 14.

Ga yadda ake yin ta. Ana keɓe gajerun zanguna a wuri mai wuyar bi, a shata iyakarsu da igiya ko tutoci. Kafin mahayi ya shiga, sai ya sauka ya taka zangon da ƙafa, ya duba inda dutse ke da santsi da inda ƙasa ke zaftarewa. Sannan ya hau, shi kaɗai, alƙali na tsaye yana sa ido. In ya sauke ƙafa sau ɗaya a rubuta masa laifi ɗaya, sau biyu laifi biyu, sau uku ko fiye laifi uku. In ya faɗi, ko ya fita daga iyaka, ko ya kasa kai ƙarshen zango, laifi biyar ke nan. Wanda ya fi kowa ƙarancin laifi shi ne zakara. Babur ɗin gasar ma daban yake: nauyinsa bai wuce kilo 70 da 'yan kai ba, tankinsa ɗan ƙarami, kusan ba shi da wurin zama domin a tsaye ake tuƙa shi, kuma akan rage iskar taya don ta kama dutse. Sirrin duka yana ga daidaita jiki da sanin lokacin sakin kuloci da taɓa birki. Wanda ya murɗa wuta da garaje shi ne farkon faɗuwa. Bahaushe ya ce sauri ya haifi nawa, ga kuwa wasa guda da aka gina dokarsa kacokan a kan wannan karin magana.

A nan ne nake ganin akwai abin da ya shafe mu. Saurayi, a ko'ina yake a duniya, yana son a san da shi. In ya mallaki babur, to da babur zai nemi suna. Tambayar ita ce, wace hanya muka buɗe masa? A halin da ake ciki, dandalin da muka bar masa shi ne rakiyar amarya da ranakun Sallah da gangamin siyasa, inda gwani shi ne wanda ya fi gudu, ya ɗaga tayar gaba a tsakiyar kasuwa, ya saki hannu yana kallon 'yan mata. Ni kaina na halarci jana'izar ɗan maƙwabtanmu, yaro da bai kai shekara 20 ba, wanda ya rasu a irin wannan wasan ganganci ranar ɗaukar amaryar abokinsa. An yi wa'azi, an yi faɗa, an kama wasu, amma da wani bikin ya zagayo aka koma gidan jiya. Hani kaɗai bai cika tasiri a kanmu ba. Mai karatu zai tuna watan Janairun 2009, lokacin da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta tilasta sa hular kwano, wasu 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya a ka suna fita aiki. Abin da doka ta kasa, sau da yawa yabo kan iya. Ranar da yaron ƙauye ya ga an ɗaga hannun wanda ya fi kowa natsuwa a kan babur, an ba shi kyauta a gaban Sarki, daga ranar ma'anar gwaninta za ta soma sauyawa a zuciyarsa.

Dandalin ma muna da shi. Bikin Rigata da ake yi a bakin ruwan Yawuri ƙarƙashin Mai Martaba Sarkin Yawuri, Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, yana tara jama'a don kallon tseren kwale-kwale da sauran wasannin ruwa. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali tun 1934 kuma Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, ya nuna cewa sana'ar yau da kullum tana iya zama abin alfahari in aka tsara ta. Su masunta da kamun kifi suke ci, aka mayar da kamun kifi gasa. Me zai hana a yi wa masu babur haka? Ba a buƙatar filin wasa na miliyoyin naira. Gaɓar tafki ta tanadi duwatsu da yashi da laka kyauta. Igiya da tutoci da alƙalai masu gaskiya su ne jarin. Ba kuma sai an shigo da babur na musamman daga Turai ba: a yi da Bajaj da Haojue da Jincheng da muke hawa kullum, a raba rukunin wanda ba kaya da rukunin mai ɗauke da buhun yashi daidai nauyin buhun albasa. Ta haka ma sai a raba gardamar nan ta teburin mai shayi.

Sai dai gasa ba ta rayuwa in ba mai ba da labarinta, kuma a nan ne nake kira ga 'yan'uwana ma'abota alƙalami da makirfo. Shago ɗan dambe ne, amma da Ɗan Anace bai waƙe shi ba, da sunansa bai kai ga jikokinmu ba. A 'yan shekarun nan ma mun ga yadda gajerun bidiyo a YouTube suka fitar da dambe daga dandalin mahauta zuwa idon duniya. Shafukanmu na wasanni kuwa sun cika da Real Madrid da Arsenal, har yaron Shanga ya haddace sunayen 'yan benci na ƙungiyar da ba zai taɓa ganin filinta ba, bai kuwa san gwanin garinsu ba.

Ɗauko rahoton gasar gwaji yana da nasa ladabi. A ƙwallo kowa ya ga an zura a raga, a tsere kowa ya ga wanda ya riga isowa. A nan kuwa abin kallon shi ne abin da bai faru ba, wato ƙafar da ta yi kamar za ta sauka ta fasa. Dole wakili ya taka zangon da ƙafarsa kamar yadda mahayi ke yi, ya san dutsen da ke kayar da mutane, ya tsaya kusa da alƙali, ya iya bayyana wa mai sauraro dalilin da ya sa laifi biyu a zango mai wuya ya fi sifili a zango mai sauƙi daraja. Dole kuma ya guji jarabar mai ɗaukar hoto, wato yaɗa faɗuwa da barin gwaninta, domin in faɗuwa ce ke samun masu kallo, to yara faɗuwa za su riƙa nema. Harshen ma sai mun ƙera shi, mu samo wa kowace dabara sunanta daga bakin mahayan da makanikai, kamar yadda 'yan dambe da 'yan kokawa suke da nasu kalmomi.

Na san akwai masu ja, kuma hujjarsu abar saurare ce. Za su ce a yankin da mahara ke yawo bisa babura, koya wa matasa ratsa daji da duwatsu tamkar wasa wuƙar da za a yanka ka ne. Amsata ita ce, ɗan bindiga bai jira gasarmu ba kafin ya iya tuƙi, kuma ba zai zo ya rubuta sunansa da na mai unguwarsu a gaban hakimi da jami'an tsaro ba. Gasar da sharaɗin shigarta shi ne rajista da ƙungiyar 'yan kabu-kabu, da lambar babur, da lasisi, da hular kwano ta gaske, hanya ce ta rarrabe mai neman halali da ɓata-gari. Wasu kuma za su ce ana fama da tsadar mai tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023, ina ake ta wasa? Gaskiya ne, amma zangon gwaji taku kaɗan ne, man da za a ƙona a yinin gasa bai kai na rakiyar amarya guda ba. Game da haɗari kuwa, babu wasan babur da ba shi da shi, sai dai wanda ya faɗi yana tafiya kamar mai taku da ƙafa, ga hula a kansa, ga ma'aikacin lafiya a gefe, ba daidai yake da wanda ya faɗi a kan kwalta yana sheƙa gudu ba.

Saboda haka ina ba da shawara a fara da ƙarami. Masarautar Yawuri da ƙananan hukumomin Ngaski da Yawuri da Shanga su zauna da shugabannin masu babura da jami'an kiyaye haɗurra, a gwada zango biyar ko shida a Warra bayan an kawar da amfanin gona, a hana ƙananan yara shiga, a sa dillalan babura da masu sayar da kayan gyara su ɗauki nauyin kyauta. In ta yi armashi a kai ta Rigata. Gidajen rediyo da jaridunmu su tura wakilai tun daga gwajin farko, su kawo mana sunayen gwanaye da garuruwansu, don a wayi gari an ambaci babur da ƙasar Yawuri a labari guda ba tare da an yi salati ba. Sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya kiyaye mana matasanmu a kan hanya da kan ruwa, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasarmu.